Ganyen Da Tsintsiyata Ta Bari

Ni na fara ganinta. Duk wanda ya ce maka shi ne, tambaye shi da wace ƙafa take ɗingishi, za ka ga ya fara sosa ƙeya. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, tsintsiya na riƙe shekara arba'in, amma abin da na sani na garin nan, masu karatu ba su kai rabinsa ba.

Kowa a nan ya san Uwar Toho, amma a baki kawai. Ita ce mai juya shekara. Riga ɗaya gare ta, ta ganye. In sanyi ya shigo sai ta tuɓe, ganye ya zube ko'ina, ta bi lungu-lungu ta tsince abinta ta sake ɗinkawa. Ranar da ta mayar da rigar jikinta ruwa ke sauka, itatuwa su tofo. In ta makara kuwa, duk abin da ke cikin ƙwai ko cikin ciki sai ya jira ta.

A waccan shekarar aka naɗa mana sabon shugaban masu shara, wani ɗan ƙwalisa da muke kira Fes-fes. A da muna tura ganye gindin itatuwa mu bar shi. Shi kuwa ya ce ƙazanta ce, a kwashe a kai bayan kasuwa a ƙone. Muka ƙone. Ni na fi kowa ƙonawa ma, don ni komai na sa hannu sai na fi kowa.

Lokacin ruwa ya zo ya wuce, sama ko gezau. Kaji suka kwanta kan ƙwai har suka gaji suka tashi. Awaki na yawo da ciki kamar tulu. Ita kuma Auta, 'yata ɗaya da ta rage min, cikinta ya shiga wata goma sha ɗaya. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango. Ungozoma ta ja ni ƙofar ɗaki ta ce, "Baba, in aka ƙara mako guda a haka, ba uwar ba ɗan."

Washegari da hantsi na kai shara bayan kasuwa, sai na tarar da wata tsohuwa durƙushe cikin toka tana tonawa da yatsu. A kafaɗarta akwai wata aba kamar riga, rabi ɗinkakkiya, hannu ɗaya babu, wuya babu.

Na ce, "Iya, tashi daga nan, za ki yi tari."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ne mai ƙona min kaya?"

Ta miƙe tana ɗingisa ƙafar hagu, ta dafa tsintsiyata don ta tsaya daidai. Inda ta dafa ya yi kore shar. Da wani ne, da ya zura da gudu. Ni ban gudu ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, umarni aka ba mu."

"Umarnin ya haifa maka jika?"

Na tambaye ta abin da take nema a tokar. Ta ce ganyen bara take so, wanda ya faɗo daga jikinta, kuma wanda ta samo bai kai ba. Na tambaye ta ko nawa ya rage. Ta ce buhu uku, in akwai.

"Akwai," na ce.

"A garin da ka share?"

To, nan ne maganar ta yi min nauyi. Shekara arba'in ina cika baki cewa inda na bi ko allura ta faɗi sai an gan ta. Amma mai shara ya san inda tsintsiyarsa ba ta zuwa. Bayan ƙyauren shagon kafinta, wanda ba ya buɗuwa duka. Ƙarƙashin karyayyen amalanke a layin masu gyaran takalma. Bakin magudanar ruwa, inda nake tura na ƙarshe da ƙafa in na ga ba mai kallo. Na faɗa mata duka. Ta yi dariya, haƙori biyu ne a bakinta.

Kwana uku ina rarrafe. Na zura hannu a magudana har kafaɗa, kunama ta harbe ni, na ce mata ta jira, ba ni da lokacinta. Kafinta ya leƙo ya ce, "Baba, tsufan ne ya taɓa kan?" Na ce, "Ɗaga min ƙyauren nan, matarka ma ciki gare ta." Ya ɗaga.

Buhu biyu suka cika. Na uku na san inda yake: indararon rufin ofishinmu, wanda ba a taɓa sharewa ba tun da aka gina shi. Na jingina tsani, Fes-fes ya fito yana kaɗe hannun riga.

"Sauko, tsoho. In ka hau, ka ajiye aikin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, riƙe min tsanin, in na sauko sai ka kore ni da hujja."

Bai riƙe ba. Na cika buhun, na jefo shi ƙasa, tsanin ya zame na biyo bayansa. Ƙuguna ya yi ƙara kamar an karya rake. Mutane suka taru suna cewa a ɗauke ni a kai gida. Na ce wanda ya taɓa ni ban yafe ba, a ɗora ni kan amalanke tare da buhunan a tura ni bayan kasuwa. Kafinta ne ya tura.

Tana nan inda na bar ta. Su ba sa ganinta, ganye kawai suke gani yana tashi daga buhu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗinka hannu, ta ɗinka baya, ta zo wuya ta tsaya.

"Saura ɗaya."

Na zazzage buhunan, babu. Na laluba aljihu, na cire hula na duba, babu. Zafin ƙugu na neman ɗauke min numfashi, amma na ce yau ko ni ko ganyen nan. Sai idona ya faɗa kan tsintsiyata. Na sa haƙori na tsinke igiyar da ta ɗaure ta, tsinkayen suka watse a cinyata. Can cikin ɗaurin ga wani ɗan ganye, busasshe, a naɗe, bai kai farcen babban yatsa ba.

Ta karɓa ta ce, "Ka ga amfanin ƙazantarka."

Ta sa rigar. Kafin amalanke ya kai ni ƙofar gida ruwa ya jiƙa ni jagab, kaji na ta kuka a kowane gida. Ungozoma ta fito da hannu a jiƙe ta ce, "Mace ce, Baba. Auta na tambaya wai ina ka shiga kwana uku."

Fes-fes ya kore ni, kuma har yau da sanda nake tafiya. Amma je ka duba gindin itatuwan garin nan ka gani ko akwai mai ƙona ganye.

Tsinken tsintsiyar nan da ta dafa ya yi kore, na soke shi a ƙofar gidana. Yanzu ya fi rufin tsawo, a inuwarsa nake zaune. Wanda ya ce ƙarya nake, ga hanya nan, ba na zuwa ko'ina. Ya zo ya tumɓuke shi da hannunsa. In ya iya, ni da kaina zan share masa ƙofar gida har in mutu.