Man Zaitun a Kabarin Nikaso

Timareta ta haura shekara saba'in ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba, sai da tsoro ya tura ta. 'Ya'yanta maza biyu yaƙi ya cinye su, kuma a duk ƙauyen nan na kan duwatsun Arkadiya ita kaɗai ta rage daga jinin Kalimedo. In ta mutu, wa zai zuba mata man zaitun da zuma a kabari? Mamacin da ba a zuba masa, ƙishirwa ce rabonsa a ƙarƙashin ƙasa har abada. Kuma ba ita kaɗai abin zai shafa ba, akwai Nikaso.

Wa bai san Kalimedo ba, jarumin da aka ce kogi ne ya haifi ubansa? A filin wasa ya jefa mashi ya sami ɗan'uwansa ya kashe shi, ba da gangan ba, jini ya kore shi daga gida. Ya bar matarsa Nikaso da ciki, ya ce zai aiko a ɗauke ta. Ya ɗan zauna a birnin Argos, ya haye tsibirin Melos, ya auri 'yar sarkin can, ya haifi gari guda. Aiken dai shiru kake ji! Daga cikin nan da ya bari Timareta ta fito, kakanni tara tsakani, kuma duk sabon wata ita ke hawa tudu da tulun mai zuwa kabarin Nikaso.

Neman dangin da za su gaji aikin ya kai ta Melos, ta sauka ranar bikin kakan nasu. An yanka bijimi, jama'a ta cika fili maƙil. Sosibiyo, dattijon da ke kula da dutsen yanka, ya miƙe yana jero zuriya. Daga ranar da Kalimedo ya taka yashin tsibirin ya fara, wai saurayi ne fil.

"Malam, ka tsallake mace guda," in ji Timareta.

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Iya, ko jirgin ne bai gama juya miki kai ba?"

Ba ta kula ta ba. Ta jero nata sunayen tara, ɗaya bayan ɗaya har zuwa kan Nikaso, ba gargada. Dariya ta tsaya. Sosibiyo ya ja ta gefe ƙarƙashin wani ɓaure, ya miƙa mata gurasar sha'ir da cuku.

"Iya, ba na ce ƙarya kike yi ba. Kakana ma ya taɓa raɗa mini sunan nan. Amma in na faɗe shi a fili, gidanki ya zama babba, namu ƙarami, dutsen yankan nan ya bar hannunmu. Ki zauna da mu. Za mu ci da ke, mu binne ki, jikokina su riƙa zuba miki mai duk wata. Sunan nan kawai za ki bari a bakin ruwa."

"Ita kuma fa, wa zai zuba mata?"

"Haba Iya, ta mutu tun yaushe!"

"Shi ma naku ai ba jiya ya mutu ba, ga shi kun ba shi bijimi."

Wallahi tayin ya shige ta, ta so ta ce to. Ta dubi yaran da ke guje-guje da ƙashin nama a hannu, kewar nata 'ya'yan ta taso mata. Amma an riga an bar matar nan sau ɗaya da alkawarin aike, ba ita za ta yi na biyu ba. Ta naɗe gurasar a mayafinta ta koma bakin jirgi.

Sabon wata ya same ta a gida. Ta hau tudun tana hutawa sau huɗu, ba kowa sai awakin wani can nesa. Ta zuba wa Nikaso rabonta, ta kira sunanta sau uku kamar yadda aka saba. Sannan ta auna taku biyu daga kabarin, ta share ƙayoyi da ƙafa, ta karkata tulun a kan busasshiyar ƙasa. Ba a taɓa yin haka ba, ita ma ba ta san ko ana ajiye wa mai rai rabonsa har ya mutu ba.

"Timareta," ta ce. Ta sake kira.