Turancin Sauda

Tun bayan rasuwar mijinta, Inna Meram ke zaune ita kaɗai a gidansu na unguwar Dogo Tebo, tana ɗinkin hula. 'Yarta ɗaya ce tak, Sauda, ita ma shekara uku ke nan tana aikin jinya a Ingila. Duk Juma'a takan kira, kuma amsarta ba ta canjawa: "Lafiya lau, Inna. Komai lafiya."

Inna Meram ta yi yaƙi da jahilci, tana iya haɗa baƙi, amma ba ta jin Turanci. Duk da haka kullum sai ta buɗe waya ta duba abin da Sauda ta ɗora a sitatus. Wata rana ta ga rubutu babu hoto, sai ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta wurin Ramlat, malamar Turanci a sakandaren 'yan mata, wadda suka yi aji ɗaya da Sauda.

Ramlat ta karanta: "Under the weather."

Da Ramlat ta ce mata "weather" yanayi ke nan, Inna Meram ta ce, "Ruwa ake yi musu ko?"

"A'a, Inna. Haka Turawa ke faɗi idan mutum ba ya jin daɗin jikinsa."

Abin ya ɗaure wa Inna Meram kai. Jiya jiya suka yi waya, yarinyar har da dariya.

Daga ranar ta sayi littafin rubutu. Duk abin da Sauda ta ɗora sai ta kwafe shi baƙi-baƙi, bayan la'asar ta kai wa Ramlat. A haka ta gane cewa idan Bature ya ce ya yi shuɗi, baƙin ciki ne ya dame shi. Ta ji wata maganar da ake yi wa wanda kuka ya tokare wa maƙogwaro. A wata biyu ta cika shafi tara, na farin ciki bai wuce uku ba.

Wata Juma'a, da Sauda ta gama "lafiya lau" ɗinta, uwar ta buɗe littafin, ta daure ta karanto Turancin nan na yin shuɗi: "Filin bulu. Mene ne ya same ki, 'yar nan?"

Sauda ta tuntsire da dariya, can kuma sai dariyar ta koma kuka. Ta ce sanyi ya ishe ta, ba ta da abokin hira, sau da yawa a tsaye take cin abinci a bakin aiki. Sun kusa awa guda suna magana. Rabon Inna Meram da jin daɗi irin na ranar har ta manta.

Bayan nan sitatus ya ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, babu komai. Ta ɗauka wayar ce ta lalace, ta kai wa Ramlat ta duba. Ramlat ta duba, ta ɗauko tata, ta jima tana kallo.

"Tana ɗorawa, Inna," ta ce a hankali. "Ke ta rufe wa. Ina jin ba ta son hankalinki ya tashi ne. In karanta miki na yau?"

Inna Meram ta gyara mayafinta. "Bar shi. Ba da ni take ba."

Ta fito, mai Keke Napep ya tsaya yana tambayar ko tafiya ce, ta girgiza kai. Ta shiga gida, ta tarar kaji sun watsar da zaren hularta a tsakar gida, ta durƙusa tana tsincewa.