Harsashin da Ya Ƙi Tsayawa

Dela ta samu Garba, abokin mijinta, a ƙofar ɗakinsa a unguwar Karantina yana shan shayi. Ba ta yi sallama ba. Ta dire faranti gabansa, ta kwance bakin zaninta, kawunan harsashi biyu suka faɗo.

Mijinta Bawa yana tsare, jirgin ruwan Bur Sudan kawai ake jira a saka shi a kore shi daga ƙasar. Shekara da shekaru shi ke ɗura wa kafilinsa Hamad, Balaraben da ya tsaya masa, harsashin farautar barewa, ita ke wanke masa kwanson harsashin da tsamiya. Ran nan bindiga ta fashe, ta tafi da yatsun Hamad biyu, aka ce laifin Bawa ne.

"Matarmu, lafiya?" in ji Garba.

"Matarku tana gidan ubanku. Duba nan."

Ta kafa na farko, mai faffaɗan gindi, ya zauna daram. Ta kafa na biyu, mai tsukakken gindi kamar bayan kwale-kwale, ta ɗan taɓa farantin, ya kife.

"Na zaune shi ne na Bawa. Wancan dogon naka ya fi nutsewa cikin kwanso, ya matse albarushi, sai an rage mudu. A gabana ya gaya maka, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ka karɓi aikin. Ka ce naka ya fi cin nisa. Tashi mu je ka faɗa wa Hamad."

Garba ya hura shayinsa. "Halas, Hajiya, magana ta ƙare. Bawa ya riga ya amsa laifi."

"Laifin da bai yi ba?"

"Na je na gan shi. Na ce masa wataƙila ke kika cakuɗa su wajen wanki. Ya ce kada sunanki ya fito."

Dela ta tsaya kallonsa. Mutumin da suka keto Sudan tare a ƙasa, wanda ta yi wa jinyar ƙafa a Sawakin. Sai yanzu idonta ya kai kan ma'aunin albarushin Bawa, rataye a bangon ɗakin.

"Har aikin Hamad ya ba ka?"

"Wani dai zai yi shi."

Ta kwashi farantinta ta nufi gidan Hamad a unguwar Bagdadiyya a ƙasa. Mai gadin Hamad ya ce maigida ba ya ganin kowa, yalla, ta yi gaba. Ta zauna a bakin ƙofar, washegari ma ta dawo. Tana nan zaune da farantin a cinya jirgin da zai tafi da Bawa ya yi kukan tashi daga bakin teku.