Laraba da Kwanon Baba Kumai

Tun da yaransu, su Eli, suka watse, wannan Kaduna wancan Abuja, gidan Mama Afiniki da ke Kafanchan ya koma su uku: ita, mijinta Baba Kumai, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da kyanwarsu Laraba. Mama Afiniki ba ta ɓoyewa, son kyanwar nan take kamar 'yar autarta. Ita ce abokiyar hirarta in tana feran citta a tsakar gida.

To, sai ciwon ciki ya saka Laraba gaba. Yau zawo, gobe amai, ta ɗan warware, abin ya dawo. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Likitan dabbobi ya duba ta ya ce hanjinta ne ke kumbura, kuma irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Ya ba da magani, ya kafa doka: dafaffen kifi ba ƙaya da 'yar shinkafa, ba mai, ba gishiri, ba yaji, ba madara.

"Mama, jikinta ya yi rauni," in ji shi. "In abin ya ci gaba da dawowa, ba za ta kai labari ba."

Mama Afiniki ta riƙe dokar nan gam. Amma ina! Sai kyanwa ta fara murmurewa, sai a wayi gari ta ɓata tsakar gida. Har gidan maƙwabciyarta A'i mai fura Mama Afiniki ta je, ta ji ko nono take ba kyanwar. A'i ta dafa ƙirji ta rantse, har da fushinta.

Ran nan aka tashi taron zumuntar mata na coci da wuri. Mama Afiniki na shigowa gida, me za ta gani? Baba Kumai zaune a gindin mangwaro da kwanon gwaten acca, manja ya yi ja, barkono har hanci, yana ɗebo loma yana ajiye wa Laraba a bakin tabarma.

"Baban Eli! Ashe kai ne!"

Tsoho ya daskare da cokali a hannu. "Ɗan kaɗan ne fa, Maman Eli."

"Ɗan kaɗan ɗin ne zai kashe mini ita! Ina nan ina zargin mutanen Allah, ashe abin a cikin gidana yake!"

"To yaya zan yi? Zama take ta zuba mini ido. A gidan ubana ba a cin abinci ido na kallon mutum. Ko baƙon da ba ka san sunansa ba sai ka ce masa ya matso. Sai Laraba zan hana?"

Mama Afiniki ta buɗe baki za ta ƙara, sai hawaye. Ta san mutumin nan. Ba mugunta ba ce, shi dai hannunsa bai iya hani ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "In ta mutu, wa zai kula ni a gidan nan? Kai da rediyonka?"

Baba Kumai ya janye kwanon daga gaban Laraba.

Washegari da rana ta kulle Laraba a ɗaki kafin ta kawo masa abinci. Haba, sai kuka! Kyanwa na kartar ƙofa tana kira kamar jaririya. Baba Kumai ya kai loma baki, ya tauna, ya tauna, ta ƙi wucewa. Ya ture kwanon gefe.

"Maman Eli, wannan da kike dafa mata, akwai saura?"

"Akwai. Me ya faru?"

"Zuba mini irinsa. Ki buɗe ta."

"Kai ɗin? Kai da ko shayi sai ka nemi yaji?"

"Ki zuba dai."

Ta zubo farar shinkafa da farin kifi, ba ko ɗigon mai. Laraba ta fito ta zauna a gabansa kamar kullum, ta zuba masa ido. Tsoho ya rufe ido ya yi addu'a, ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse kamar ya sha maɗaci.

"Kai! Ashe haka baiwar Allah take fama."

Mama Afiniki tana dariya tana share ido da bakin zane. Shi kuwa ya cire wa kyanwar tsoka mafi kyau, ya laluba da yatsa ko akwai ƙaya, ya ajiye mata a bakin tabarma.

"Matso, Laraba," ya ce. "Daga yau namu ke nan, ni da ke."