Karen da Ake Kira Kai

Tun ranar da Rabi'atu ta tare a wani gidan bene na haya a unguwar Mount Hope take korar karen nan, shi kuma tun ranar yake ɗauka kiransa take yi. Laifin na sunansa ne. Maƙwabciyarta Karmen, wata tsohuwa 'yar Dominika mai zaman kaɗaici, ta rasa sunan da za ta raɗa wa ɗan mitsitsin karenta sai Kai. To, Bakanuwa ta ga kare ya nufo zaninta, me za ta ce? "Kai!" Sai gogan ya taho a guje yana kaɗa bindi, wai ga masoyiyarsa.

Ana gobe Halowin, bikin da yara ke shigar dodanni suna bi ƙofa-ƙofa neman alewa, aka ce za a kwantar da Karmen a yi mata aikin gwiwa. Ta dogaro sanda har ƙofar Rabi'atu, makulli a hannu.

"Bara ƙararrawa da yara masu shigar dodanni suka firgita shi, ya faɗa titi, da ƙyar aka gano shi," in ji Karmen. "Ba ni da kowa sai shi, kuma kaf gidan nan ke yake so."

Ni? Kare? Rabi'atu ta buɗe baki za ta ƙi, sai ta tuna tsohuwar nan ce ta yi ta jigilar miya lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita. Kunya ta sa ta karɓi makullin.

Ɗakinta dai ba zai taka ba, a nan take salla. Don haka ranar bikin tana idar da la'asar ta koma falon Karmen. Ta sauke labule, ta liƙe ƙararrawar ƙofa da salatif, ta ajiye kwanon alewa a waje, yara su ɗiba su yi gaba. Cakulan kuwa ta ɗora can saman firij, don an ja mata kunne cewa guba ce ga kare. Ta shimfiɗa masa tsohuwar suwaitar uwar ɗakinsa, ta kunna labaran Hausa a waya don su danne hayaniya. Abin dariya, kare ya kwanta yana sauraron farashin masara a Dawanau kamar yana da buhu a can.

Duk sanda ya matso ta ce, "Kai, matsa!" sai ya ƙara matsowa. Ta gaji ta ƙyale shi.

Gab da magariba ta buɗe ƙofa za ta ƙara alewa. Wani ƙato mai shigar ƙwarangwal ya yi tsalle gabanta da ihu. Karen ya bi ta tsakanin ƙafafunta kamar ɓera, sai matakala. Ta bi shi ba takalmi. Tana sauka ta hango ƙofar gidan a wangale, mayu da aljanun roba suna ta shigowa, ga motoci suna wucewa fuu. Ya riga ya kai bakin ƙofa.

Wallahi ba kiransa ta yi ba. Tsoro ne ya fizgo kalmar daga cikinta, irin ta kowane Bahaushe in ya ga abu zai ɓaci.

"Kai!"

Cak ya tsaya. Ya waiwayo, ya ratsa ƙafafun dodannin, ya faɗo jikinta yana kyarma. Ba ta san lokacin da ta sure shi ta rungume cikin hijabi ba. Hijabi dai a wanke. Ita da shi aka rasa wanda zuciyarsa ta fi bugawa, sai kuma dariya ta ƙwace mata don murna.

Suna komawa Karmen ta kira daga gadon asibiti, murya a dashe.

"Yana lafiya? Bai wahalar da ke ba?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Na gaya miki. In kin kira sunansa, ba ya ƙi."

Rabi'atu ta dubi karen, ya lafe can kan suwaita yana kallonta. Ta buga tafin hannu a kan kujera kusa da ita.

"Kai," ta ce a hankali, "zo nan."