Wankan Darbejiya

Baba Tsaf yana kan tsani, yana fesa wa darbejiyar bakin mahaɗa ruwa da tiyo, sai ga Malama mai awon ganye ta sauko daga bas. Ba ranar zuwanta ba ce. Ta ja ta tsaya, tana kallon baƙin ruwan da ke tsiyaya daga ganyen yana bin kwata.

Shekara goma sha tara ke nan yana kula da bishiyoyin titin nan a ƙarƙashin hukumar gari, kuma ba a banza aka laƙaba masa wannan suna ba. Da Malama ta fara zuwa daga jami'a kowace Talata, tana tsinkar ganye tana zubawa a 'yan ledoji, sai ya ɗauka aikinsa aka turo ta dubawa. To wa zai yarda baƙo ya tarar da 'ya'yansa buɗu-buɗu? Shi ya sa duk Litinin yake musu wanka tas.

"Baba, tun yaushe kake yin haka?"

"Tun zuwanki na farko, 'yata," ya amsa yana washe baki. "Ai ba na bari ki gan su da dauɗa."

Malama ta dafe kai. A hankali ta yi masa bayani: darbejiya akwai haƙuri, tana shan hayaƙin manyan motoci ba ta mutu ba, amma duk abin da ta sha yana nan manne a ganyenta. Wannan baƙin take aunawa, da shi kuma hukuma za ta yanke ko a kawar da tireloli daga titin. Wata huɗu awonta yana cewa duk garin babu titi mai tsabtar iska kamar wannan.

"Jibi za su zauna, Baba. Da me zan je musu?"

Wani mai faci da ke gefe ya kwashe da dariya. "Kai, Baba! Ashe tireloli lauya suka ɗauka ba mu sani ba!"

Baba Tsaf ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta rufe shi har ya manta da tiyon, ruwa yana ta jiƙa masa wando. Matarsa ya tuna, wadda ke ɗinki a shago can ƙarshen titin, shekara biyu tana tari, asibiti kamar gidansu.

Ya sauko daga tsanin a sanyaye.

"Akwai guda ɗaya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Tiyo ba ya kaiwa can. Kullum kika nufi wajen sai in ce miki akwai zuma a jikinta."

"Babu zuma?"

"Babu, 'yata. Kunya ce kawai."

Ya shige gaba, ta bi shi. Bishiyar tana tsaye daidai ƙofar shagon, ganyenta ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Matarsa ta tsayar da keken ɗinki, ta yi tari a gefen mayafinta.

"Malam, yau ka tuna da tawa? Ina ruwan?"

Baba Tsaf ya tsinko ganye ɗaya ta wajen karansa, yana kaffa-kaffa kada ƙurar ta zube, ya miƙa wa Malama da hannu biyu.