Mangwaron Malama

"Minti goma sha biyar ne daga ƙofar gidan nan zuwa asibitin ido," in ji Auta. "Na gwada da babur ɗina. To ina direban tasin nan yake kai Mama har awa ɗaya da rabi?"

"Ka tambaye shi mana," Yaya ta ce, ko ɗagowa ba ta yi daga wanke-wankenta ba.

"Na tambayi Mama. Wai hanya ce."

"To hanya ce."

"Yaya, matar nan fa ba ta gani. Ko lodin fasinja yake yi da ita cikin rana, ina za ta sani? Sallamarsa zan yi. Direbobi sun yi yawa a gari."

Yaya ta yarfe ruwan hannunta. "Kai da kake wata guda ba ka leƙo mu ba, yau kai ne mai sallama? Shekara biyu mutumin nan bai taɓa fashin Laraba ba. Shi ke riƙe mata bakin sanda har ƙofar likita."

Amma awa ɗayan nan da ta ɓace ta tsaya wa Auta a rai. Ran Laraba da safe sai ga shi a ƙofar gida.

Tasin ta iso ƙarfe tara daidai, tsohuwa, fentinta ya koɗe. Direban wani siriri ne mai furfura, abokan aikinsa na ce masa Sannu-Sannu. Yayin da Yaya ke shigar da Mama baya, Auta ya buɗe gaba a hankali ya zauna, ya ɗora yatsa a leɓe. Direban ya dube shi sau ɗaya, ya ta da mota.

A mararraba, asibiti na dama. Suka yi hagu. Auta ya gyara zama.

"Malama, mun shigo layin teloli," in ji direban. "Mai shagon farko ya rataye wata riga ruwan ganye, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Har yanzu bai koyi awo ba?" Mama ta yi dariya. Rabon da Auta ya ji wannan dariyar, ya manta.

"Mai gyaran agogo ya sake tabarau. Ga wata akuya ta hau bencin mai aski, ta ƙi sauka."

"Ƙyale ta, layi take bi."

Haka suka yi ta tafiya. Bai ɗauki kowa ba. Mutum uku suka ɗaga hannu, ya wuce su. In ya hango rami sai ya ce, "Riƙe, Malama," kafin taya ta faɗa. Duk abin da idonsa ya gani, bakinsa ya miƙa mata baya: gidan da aka yi wa sabon fenti, wanda aka rushe, mai kayan miya da ta yi ƙiba. Auta ya girma a titunan nan, amma rabin abin da ake faɗa bai taɓa lura da shi ba.

Goma saura kwata suka tsaya a jikin katangar makarantar firamaren da Mama ta shekara talatin tana koyarwa. Direban ya kashe mota, ya miƙa hannu ya sauke mata gilashi. Ba a jima ba aka kaɗa ƙararrawar fita hutun tara, ihun yara ya cika titi. Mama ta jingina kai, ta lumshe idanun da ba sa ganin komai.

"Mangwarona fa?" ta ce. "Wanda na dasa a bakin ƙofa."

"Yana nan, Malama," in ji direban. "Ya yi fure bana sosai. Yara na ƙarƙashinsa."

Auta ya duba bakin ƙofar. Kututture ne kawai, ya bushe har ya yi baƙi, an jingina masa allon talla. Saran ba na bana ba ne, ba ma na bara ba.

Ya juyo ya dubi direban. Mutumin bai kawar da kai ba, bai kuma roƙe shi da ido ba. Hannayensa na kan sitiyari, yana jira. Maganar sallama da Auta ya taho da ita tun daga gida ta narke masa a baki. Yanzu kuma ga shi da hujja a hannu, ƙarya ƙiri-ƙiri, kalma ɗaya ta isa.

"Auta," in ji Mama.

Ya waiga baya da sauri.

"Turaren nan naka tun daga ƙofar gida yake gaishe ni, ko da mai shi bai gaishe ni ba. Ka gama binciken?"

"Na gama, Mama."

"Za ka sallame shi?"

"A'a."

"Madalla." Ta juyar da fuska wajen taga, tana shaƙar iska a hankali. "Shi dai kullum ce mini yake ya yi fure. Ni kuwa shekara biyu ban ji ƙamshin furen ba. Kai da idonka ke da kyau, duba mini. Yana nan?"